Tarihin Agustin, malamin Kirista ɗan Aljeriya da ya yi fama da ayoyin ƙiyayya da hukunci

A yau za mu leƙa arewa da mu, wato ƙasar Aljeriya, wadda 'yan kasuwarmu na Gure da Damagaram suka sani da dabino da taliya da madarar gari masu shigowa ta hanyar Agadas. A can ne aka haifi Agustin, malamin addinin Kirista wanda ya rasu kusan shekara 1,600 da suka wuce, amma har gobe ana karanta littattafansa a majami'u da jami'o'in duniya.

Akwai dalilin da ya sa muka zaɓo shi. Da yawa daga cikinmu ba su manta da watan Janairun 2015 ba, lokacin da zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatancin da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga ta rikiɗe ta zama ƙone-ƙone a Damagaram da Yamai, aka rasa rayuka kusan 10, aka ƙona majami'u masu yawa, har da wata a nan Gure. Bayan ƙura ta lafa, shugabannin Kiristoci sun fito sun ce sun yafe, domin addininsu ya hore su da ƙaunar maƙiyi. To amma duk wanda ya taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga cikakkiyar fassararsa da Hausa a 1932, ya san akwai wuraren da ke ɗaure kai. Wasiƙar Yohanna ta fari, sura 4, ta nuna cewa ƙauna ita ce ainihin halin Allah, amma a Luka sura 14 aya 26 an gindaya wa almajiri sharaɗin ƙin iyayensa da iyalinsa. A Malakai sura 1 da Romawa sura 9 an ambaci son Yakubu da ƙin Isuwa, a Zabura ta 139 mai addu'a yana shelar ƙin maƙiyan Allah, Zabura ta 137 kuwa ta ƙare da sa albarka ga wanda zai hallaka jariran Babila. To yaya Kirista yake haɗa waɗannan da batun ƙauna? Wannan tambaya ce ta hana Agustin shiga addinin mahaifiyarsa shekara da shekaru, ita ce kuma ya ƙare rayuwarsa yana amsawa.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Agustin ranar 13 ga Nuwamba, shekara ta 354 miladiyya, a garin Tagast, wanda a yau ake kira Suk Ahras, a gabashin Aljeriya kusa da iyakar Tunisiya. A wancan zamani duk yankin yana ƙarƙashin daular Rumawa. Mahaifinsa Patrisiyus ɗan majalisar gari ne mai 'yan gonaki, mai saurin fushi, kuma mai bin addinin gargajiya, sai dab da rasuwarsa aka yi masa baftisma. Mahaifiyarsa Monika kuwa Kirista ce mai riƙo da ibada, wadda aka sani da haƙurin zaman aure da iya sasanta matan da suka yi faɗa, domin ba ta kai maganar wannan wajen waccan sai abin da zai kawo sulhu.

Iyayen sun ga yaron yana da kai, sai suka tura shi karatu garin Madaura. Yana ɗan shekara 16 kuɗin makaranta suka yanke, ya dawo gida ya yi shekara guda yana gantali da abokai. A wannan shekara ce shi da abokansa suka shiga gonar maƙwabci da dare, suka kakkaɓe 'ya'yan itace, suka zuba wa aladu. Wannan sata ta tsaya masa a rai har tsufansa, saboda ya lura ba yunwa ta sa shi ba, daɗin ɓarnar kawai ya ji. Daga bisani wani attajirin garinsu mai suna Romaniyanus ya tallafa, aka tura shi babban birnin Kartaj, kusa da Tunis ta yanzu, domin ya karanci fasahar magana, wadda ita ce hanyar samun muƙami a lokacin. A can ya ajiye wata mata ba tare da ɗaurin aure ba, suka zauna sama da shekara goma, ta haifa masa ɗa mai suna Adeyodatus a wajajen 372.

Yadda ya juya wa littafin baya

Yana ɗan shekara 19 ya karanta wani littafin marubucin Rumawa Sisero, sai ƙishirwar neman gaskiya ta kama shi. Ya ɗauko Littafi Mai Tsarki ya duba, ya ga harshen fassarar bai kai na littattafan makaranta armashi ba, ya ajiye. Ana nan sai ya faɗa hannun mabiya Mani, wani mai wa'azi da ya bayyana a ƙasar Iraki ta yanzu a ƙarni na uku. Su waɗannan mutane suna koyar da cewa iko biyu ne ke kokawa a duniya, na haske da na duhu, kuma sun yi watsi da Tsohon Alkawari ɗungurungum. Hujjarsu ita ce yaƙe-yaƙe da kashe-kashe da fushi da ke cikinsa ba za su fito daga Allah mai alheri ba.

Ba su ne suka fara wannan magana ba. Tun a ƙarni na biyu wani attajiri mai jiragen ruwa, Markiyon, mutumin Sinob da ke gaɓar Baƙin Teku a ƙasar Turkiyya ta yanzu, ya je birnin Rum ya ba ikilisiya kyautar 200,000 na kuɗin wancan zamani, sannan ya fara koyar da cewa Allah mai hukunci na Tsohon Alkawari daban yake da Allah mai ƙauna da Yesu Almasihu ya yi bishararsa. A shekara ta 144 ikilisiyar ta kore shi, ta mayar masa da kuɗinsa cif. Tun daga nan Kiristoci suka tsaya a kan cewa Allah ɗaya ne a cikin littafin duka, sai dai wannan matsayi ya bar musu aikin yi wa mutane bayanin ayoyin masu tsauri.

Agustin ya yi shekara tara yana bin mabiya Mani. Da farko Monika ta hana shi cin abinci a gidanta, daga baya ta sassauta, ta koma kuka da addu'a. Ta matsa wa wani bishop da roƙon ya yi wa ɗanta magana, har ya gaji ya sallame ta da cewa ɗan da aka zubar wa hawaye haka ba zai ɓata ba.

A 383 ya yaudari mahaifiyar tasa a bakin teku, ya ce rakiya zai yi wa aboki, ya shige jirgi da dare sai Rum. A can ya buɗe makaranta, amma ya gamu da abin da kowane mai ba da bashi ya sani: ɗalibai su sha karatu, ranar biya ta zo su gudu wajen wani malami. A 384 ya samu babban muƙamin malamin fasahar magana a birnin Milan, inda fadar sarkin Rumawa take a lokacin.

Haɗuwarsa da Ambros

Bishop ɗin Milan, Ambros, ya shahara da iya wa'azi. Agustin ya riƙa zuwa sauraronsa don ya ga salon magana kawai, sai ya ji yana warware labaran Tsohon Alkawari ɗaya bayan ɗaya, yana nuna cewa da yawansu suna da ma'ana ta ciki bayan ta zahiri. Nan ya gane cewa abin da ya daɗe yana yi wa dariya bai fahimce shi ba ne. Monika ta biyo shi Milan, ta nema masa auren 'yar babban gida, aka tilasta wa uwar ɗansa komawa Afirka ta bar yaron. Shi da kansa ya rubuta cewa rabuwar ta yi masa rauni mai zurfi, ga shi kuma auren da aka yi ta dominsa bai yiwu ba.

A 386, yana zaune a wani lambu cikin damuwa, ya ji muryar yaro daga maƙwabta tana maimaita kira a ɗauka a karanta. Ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, idonsa ya faɗa kan ƙarshen sura 13, inda aka hana shaye-shaye da fasikanci da husuma. Daga ranar ya yanke shawara. Ambros ya yi masa baftisma tare da ɗansa a daren Ista na watan Afrilun 387. A kan hanyarsu ta komawa gida Monika ta rasu a tashar jiragen ruwa ta Ostiya tana da shekara 56. Ya iso Tagast a 388, ya sayar da gadonsa ya raba wa matalauta, ba a daɗe ba kuma ɗan nasa ya rasu yana saurayi. A 391 ya kai ziyara garin Hippo, wato Annaba ta yanzu, jama'ar majami'a suka riƙe shi suka sa aka naɗa shi limaminsu yana kuka. Bayan 'yan shekaru ya zama bishop ɗin garin, ya riƙe muƙamin kusan shekara 35.

Amsoshin da ya bayar

Abu na farko da ya kafa shi ne ma'auni. A littafinsa na koyarwar Kirista, wanda ya fara a wajajen 396 ya kammala bayan shekara 30, ya ce manufar littafin duka ita ce ƙaunar Allah da ƙaunar maƙwabci, don haka duk wanda ya fassara aya ta hanyar da ba ta gina waɗannan biyu ba, bai gane ta ba tukuna. Ya ƙara da cewa idan aya ta yi kama da tana umurni da mugunta, to magana ce ta misali. Ya kawo ayar Romawa sura 12 da ke cewa ciyar da maƙiyi kamar tara masa garwashi ne a ka, ya ce garwashin nan zafin nadama ne da ke kama mutum idan wanda ya cuta ya saka masa da alheri.

Da wannan ma'auni ya auna Zabura ta 137. A wajensa jariran Babila su ne miyagun sha'awace-sha'awace tun suna ƙanana a zuciya, dutsen da za a fyaɗa su a kai kuwa shi ne Almasihu, wato a kashe mugun hali kafin ya yi ƙarfi, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Zaburorin da ke kama da tsinuwa kuma ya ce annabawa suna faɗin abin da zai auku ne ga azzalumi, ba fata suke yi masa ba.

Abu na biyu, ya raba mutum da laifinsa. Game da ƙiyayyar da ke Zabura ta 139, ya ce cikakkiyar ƙiyayya ita ce kada ka ƙi mutum saboda laifinsa, kada kuma ka so laifin saboda mutumin. Haka ya ce game da Isuwa: Allah ba ya ƙin abin da ya halitta, zunubin da ke tare da Isuwa ya ƙi. Maganar nan da Kiristoci ke yawan yi a yau, ta a so mai zunubi a ƙi zunubin, asalinta daga wata wasiƙa ce da ya rubuta wa wasu mata masu zaman ibada da rikici ya shiga tsakaninsu. A kan ayar Luka ta ƙin iyaye, ya bayyana cewa ana son uba da uwa a matsayinsu na bayin Allah, abin da ake ƙi shi ne dangantakar duniya mai wucewa ta sha gaban ta har abada. Malaman da suka zo bayansa sun ƙara da cewa a harshen Ibraniyawa kalmar ƙi takan zo da ma'anar fifita wani a kan wani, kamar yadda Farawa sura 29 ta yi amfani da ita ga Lai'atu, matar Yakubu da bai so kamar Rahila ba, kuma Matiyu sura 10 aya 37 ta kawo maganar Yesu ɗin da lafazin fifiko.

Abu na uku, ya ce fushin Allah ba tafasar zuciya ba ce irin ta ɗan Adam, hukunci ne na adalci a kan laifi. A wani wa'azi da ya yi a kan wasiƙar Yohanna ya ba jama'a misalin da kowace uwa za ta gane: uba yana dukan ɗansa, mai satar yara don sayarwa kuwa yana lallashinsa. Wanda ya kalli hannu kawai zai zaɓi mai lallashi, amma wanda ya kalli zuciya ya san inda ƙauna take. Da haka ya nuna cewa tsanani yakan fito daga ƙauna, kamar yadda daɗin baki yakan fito daga mugunta.

Alƙali a tsakanin 'yan kasuwa

Hippo gari ne na tashar jiragen ruwa da fatauci, kuma dokar Rumawa ta ba bishop ikon yin shari'a. Almajirinsa Posidiyus, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ce yakan zauna tun safe yana sauraron ƙararrakin bashi da gado da filaye, wani lokaci har yamma bai ci komai ba. Ya fi son yin shari'a tsakanin baƙi a kan abokai, domin tsakanin abokai biyu dole ka rasa ɗaya, tsakanin baƙi kuwa kana iya samun aboki. A teburin cin abincinsa ya sa an rubuta gargaɗi cewa mai cin naman wanda ba ya nan ba shi da wuri.

Ya koyar da cewa gafara ba ta share haƙƙin mutane. A wasiƙarsa ga wani babban jami'i, Masedoniyus, ya ce wanda ya ci dukiyar wani kuma yana da halin mayarwa, tubarsa ba ta karɓuwa sai ya mayar. Ya kuma yaba wa wani mutum da ya samu littafi a hannun mai sayarwa da bai san darajarsa ba, ya biya shi kuɗin gaskiya maimakon arahar da ya faɗa. A wata wasiƙarsa da aka gano a Faransa aka buga a 1981, ya ba da labarin fataken bayi da ke kai hari ƙauyuka suna kwashe mata da yara, da yadda jama'ar majami'arsa suka kuɓutar da kusan mutum 120 daga hannunsu a tashar Hippo. Idan kuɗin fansar kamammu suka ƙare, yakan sa a narkar da kwanukan majami'a masu daraja a sayar.

Inda ake sukarsa

Ba za mu ɓoye wa masu karatu ba, akwai inda ma'aunin nasa ya jawo masa suka. A zamaninsa Kiristocin Afirka ta Arewa sun rabu biyu, ɓangarensa da na mabiya Donatus, har wasu masu tsattsauran ra'ayi daga cikinsu suka taɓa yi masa kwanton ɓauna, ya tsira saboda jagoransa ya ɓata hanya. Da farko ya ce ba a tilasta wa kowa a kan addini, amma daga baya ya goyi bayan hukuma ta ci su tara ta ƙwace majami'unsu, yana kafa hujja da Luka sura 14 aya 23 da kuma misalin uba mai horo. A taron Kartaj na 411, inda bishop fiye da 500 na ɓangarorin biyu suka hallara, an yanke hukunci a kan mabiya Donatus. Bayan ɗaruruwan shekaru, masu gallaza wa mutane da sunan addini a Turai sun riƙa fakewa da wannan hujja tasa.

Duk da haka ya ƙi yarda a zubar da jini. Lokacin da aka kama waɗanda suka kashe wani limami mai suna Restitutus, suka ƙwaƙule idon wani mai suna Inosentiyus suka yanke masa yatsa, Agustin ya rubuta wa alƙali Marselinus yana roƙon kada a kashe su, kada kuma a yi musu irin abin da suka yi, a bar su da rai ko sa tuba.

Haka kuma bai sassauta a kan batun wuta ba. A babban littafinsa Birnin Allah, wanda ya rubuta daga 413 zuwa 426 bayan an washe birnin Rum a 410, ya yi jayayya da Kiristoci masu taushin zuciya da ke ganin azaba za ta ƙare wata rana, irin su Orijin na Iskandariyya. Ya ce Matiyu sura 25 ta siffanta rai da azaba da kalma ɗaya ta dawwama, ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya. Ya kuma koyar da cewa jaririn da ya mutu ba baftisma ba zai shiga Mulkin Allah ba, ko da yake hukuncinsa shi ne mafi sauƙi. Wani bishop ɗan Italiya, Juliyan na Eklanum, ya yi masa ca, yana ganin wannan ya saɓa wa adalcin Allah. A 2007 wani kwamitin malaman fadar Paparoma ya fitar da takarda da ke cewa akwai dalilan sa rai da ceton irin waɗannan jarirai.

Rasuwarsa

A 429 mayaƙan Bandal suka tsallako daga Sifen suka mamaye Afirka ta Arewa. Wasu limamai suka nemi izinin gudu, ya amsa cewa makiyayi ba ya barin garke muddin akwai saura a gari, shi ma ya zauna. Suka kewaye Hippo a 430, a wata na uku na kewayen zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya sa aka rubuta masa zaburorin tuba aka manna a bango daura da gadonsa, ya roƙi a bar shi shi kaɗai, ya yi kwana goma yana karanta su yana kuka a kan zunubansa. Ya rasu ranar 28 ga Agusta, 430, yana da shekara 75. Bai bar wasiyya ba domin ba shi da abin da za a gada, sai littattafai, waɗanda suka tsira daga ɓarnar yaƙin. Daga baya aka kai ƙasusuwansa tsibirin Sardiniya, sannan birnin Pabiya na Italiya, inda kabarinsa yake. A Annaba kuma akwai babbar majami'a mai sunansa a kan tudu. Paparoma Leo na 14, wanda aka zaɓa a watan Mayun 2025, ɗan ƙungiyar limamai ne masu bin tsarin Agustin.

To jama'a, wannan shi ne taƙaitaccen tarihin mutumin da yawancin Kiristoci, Katolika da masu bishara, suke bin sawunsa idan aka tambaye su game da waɗannan ayoyi. Idan muka ji maƙwabciyarmu a rumfa ta ce ta yafe wa wanda ya cuce ta amma tana jiran a biya ta kayanta, ko muka ji fasto yana wa'azin ƙauna da ranar hukunci a zama ɗaya, yanzu mun san inda maganar ta samo asali. Sai mun sake saduwa a fili na gaba da tarihin wani. Allah ya ba da kasuwa, ya zaunar da garinmu lafiya.